Daidai Ruwa Daidai Tsaki: Yadda Za Mu Auna Injin Ɗakin Sanyi Kafin Mu Saya

'Yan'uwa manoma, kowa ya san halin da mai tumatir yakan shiga daga watan Fabrairu zuwa Afrilu. Lambunan Kafur da Danja da Bakori sukan nuna a lokaci guda, kwanduna su cika bakin titi, dillali ya zo ya taya abin da ya ga dama. In manomi ya ƙi sallamawa yau, gobe kwando ya fara tsiyaya, jibi kuwa sai zubarwa. Saboda haka ne ƙungiyoyin gama kai da dama suke shawarar gina ɗakin sanyi. Shawarar tana da kyau, amma kuɗin ba kaɗan ba ne, kuma ko dai gumin 'yan ƙungiya ne ko kuwa bashi ne da za a biya. In aka sayo injin da ya yi wa ɗakin kaɗan, kaya za su ruɓe a cikinsa, a yi asara biyu. In aka sayo wanda ya yi masa yawa, man janareta ya cinye ribar. Maganin duka biyun shi ne a yi lissafi kafin a tafi Kano ko Kaduna sayen inji.

Filin ƙanƙara a ƙasar zafi

Bari mu fara leƙa wani wuri mai nisa, domin a can ne aka fi ƙwarewa a wannan lissafi. A ƙasashen sanyi akwai wasan zamiya a kan ƙanƙara. Mutum yakan sa takalmi mai ƙarfe a ƙasa kamar wuƙa, ya yi ta sulɓi a kan ruwan da ya daskare. Da can sai a kan tafki ake yinsa lokacin sanyi. A shekarar 1876 wani mutum mai suna John Gamgee ya buɗe fili a birnin Landan wanda inji ne yake daskarar da ruwansa. Daga baya abin ya kai har ƙasashen zafi. An buɗe irin wannan fili a otal ɗin Panari na Nairobi a 2005, aka kuma buɗe babba a kasuwar Dubai Mall a 2008, a garin da zafinsa yakan wuce digiri 40 da bazara.

Babban fili tsawonsa mita 60 ne, faɗinsa mita 30, kaurin ƙanƙarar kuwa bai wuce santimita 3 ko 4 ba. Akan binne bututu masu yawa a cikin daɓen siminti, inji ya riƙa tura ruwan gishiri ko wani ruwan magani a cikinsu, mai sanyin kimanin digiri 10 ƙasa da sifiri. A ƙarƙashin daɓen akan shimfiɗa abin tare zafi domin kada zafin ƙasa ya hau.

Abin lura shi ne, masu gina waɗannan filaye ba su fara da tambayar girman inji. Sukan fara da ƙidaya hanyoyin da zafi yake bi ya isa ƙanƙarar: wanda rufin gini yake feso wa ƙasa, wanda iska mai laima take kawowa, na fitilu, na jikin 'yan wasa, da na ruwan da akan zuba domin gyara fuskar ƙanƙara. Sa'an nan su toshe abin da zai toshu. Sukan sa silin mai ƙyalli, su sa na'urar tsane laimar iska, su matse ƙofofi. Abin da ya rage bayan haka shi ne aikin inji, kuma sukan auna shi da ranar da ta fi kowace zafi a shekara. Galibi kuma sukan raba aikin ga injuna biyu ko uku, domin in ɗaya ya tsaya kada fili ya narke. Mu ba filin wasa za mu gina ba, amma wannan hanya ita ce tamu, ba ragi ba ƙari.

Inji ba ya yin sanyi

Mu gane wannan tukuna. Injin sanyi zafi yake kwashewa daga cikin ɗaki ya zubar a waje, kamar yadda injin ban ruwa yake ɗebo ruwa daga rafi ya hau da shi lambu. Shi ya sa bayan firji yake da ɗumi. In lambu yana kan tudu mai tsawo, ruwan da injin yake turawa yakan ragu. Haka nan in iskar waje ta yi zafi ƙwarai, ƙarfin injin sanyi yakan ragu, ya kuma ƙara shan wuta. Ashe ke nan a watan Afrilu, sa'ad da muka fi bukatarsa, a lokacin ne ya fi rauni.

Ana auna ƙarfinsa da kilowat. Kilowat ɗaya da ya yi aiki awa guda shi ne yunit ɗaya, irin wanda mitar lantarki take ƙirgawa. Da wannan yunit za mu auna zafi a lissafinmu. Masu sana'ar kuma sukan ce “tan ɗaya na sanyi”. Asalinsa zafin da ake bukata ne a narkar da ƙanƙara mai nauyin kilo 907 cikin awa 24, kuma daidai yake da kilowat 3.5.

Wane sanyi kayanmu suke so?

Nan ne muka rabu da masu filin ƙanƙara. Su daskarewa suke nema, mu kuwa daskarewa ita ce ɓarnarmu. Tumatirin da ya ƙosa amma bai yi ja ba yana son digiri 12 zuwa 15, zai kuma jure kimanin mako biyu. In aka sa shi ƙasa da digiri 10 na kwanaki, sanyi ya ji masa rauni, ba zai nuna da kyau ba, in an fitar da shi sai ya ruɓe da sauri. Wanda ya riga ya yi ja yana iya zama a digiri 7 zuwa 10 na mako guda ko ɗan fiye. Tattasai da attaruhu da kuɓewa ma digiri 7 zuwa 10 suke so. Kabeji da karas da latas su ne masu son sanyi kusa da sifiri. Albasa kuwa inuwa da iska da bushewa take so, kada a haɗa ta da tumatir a ɗaki mai laima.

Lalle ne mu faɗa wa juna gaskiya a nan. Ɗakin sanyi ba zai ajiye tumatirin Maris ya kai Yuni lokacin tsada ba. Amfaninsa shi ne ya ba mu kwanaki: mu ƙi tayin banza, mu tara lodin mota guda, mu jira ranar kasuwa, kaya kuma su tashi da sanyinsu in za su yi doguwar tafiya zuwa kasuwar Mile 12 ta Ikko. Wanda yake son ajiyar watanni ya yanka ya shanya kauɗa yadda aka saba.

Hanyoyi huɗu da zafi yake shiga

Mu ɗauki misali. A ce ƙungiya za ta gina ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin mita 3, tsayi mita 2.5. Zai ɗauki tumatir tan 3, watau akwatin roba 150 mai cin kilo 20 kowanne. Muna son cikinsa ya zauna a digiri 12, ranar da waje ya kai digiri 40. Kowace rana kuma ana shigo da sabon kaya kilo 1,000, ana fitar da kamarsa.

Hanya ta farko ita ce bango da rufi da daɓe. In aka haɗa faɗinsu duka za a sami murabba'in mita 59, mu ce 60. Bangon da ake yi wa ɗakin sanyi, mai soso na musamman a ciki mai kaurin santimita 10, yana barin kimanin rubu'in wat ya ratsa kowane murabba'in mita a kan kowane digiri na bambanci. Bambancin ciki da waje digiri 28 ne. To, 60 sau 28 sau rubu'i ya ba mu wat 420, watau yunit 10 a kwana guda. Da bulon siminti zalla aka yi ginin, ba soso, da zafin da zai ratso ya kai wajen ninki goma na wannan. Kuɗin da aka kashe a kan bango ya fi wanda aka kashe a kan inji albarka, gama bango ba ya shan mai.

Hanya ta biyu ita ce zafin gona, wanda kayan suke shigowa da shi a jikinsu. Tumatir kusan duk ruwa ne, ruwa kuwa yana riƙe zafi ƙwarai. Domin a sauke kilo 1,000 da digiri ɗaya ana bukatar a kwashe yunit 1.1. In an tsinke shi da tsakar rana, ko an bar shi a bakin titi har ya kai digiri 35, sai an sauke shi digiri 23, watau yunit 25. Wannan shi ne kaya mafi nauyi a kan injin, kuma shi ne mutane suka fi mantawa da shi. Amma duba: in an tsinka da sassafe yana digiri 22, aka rufe shi a inuwa, aka kawo shi nan da nan, yunit 11 kawai zai ci. Sammako kaɗai ya rage yunit 14, ba a kashe ko kwabo ba.

Hanya ta uku ita ce numfashin kayan. Tumatir da aka tsinka yana da sauran rai, yana numfashi, yana fid da ɗumi. A digiri 12 zuwa 15 kowane tan yakan fid da wat 50 zuwa 60. Tan 3 ke nan zai ba da kimanin yunit 4 a kwana.

Hanya ta huɗu ita ce ƙofa da mutane da fanka da fitila. Duk lokacin da aka buɗe ƙofa, iska mai sanyi ta zubo ta ƙasa, mai zafi ta shiga ta sama. Fankar da take cikin ɗaki ita ma tana ba da ɗumi, haka jikin mai lodi. A ɗaki irin wannan, in ana kula da ƙofa, mu ware wa waɗannan yunit 9. In kuwa kowa yana shiga yana fita yadda ya ga dama, sai abin ya ninka.

Haɗa lissafi

Bango yunit 10, zafin gona 25, numfashi 4, ƙofa da sauransu 9. Jimla yunit 48 a kwana. Mu ƙara kashi ɗaya cikin goma domin ko-ta-kwana, ya zama 53. Ba a raba wannan da awa 24, domin inji yana bukatar hutu, akwai kuma lokacin dubawa da gyara. Akan raba da awa 16. To, 53 a raba 16 ya ba mu kilowat 3.3, kusan tan ɗaya na sanyi. Wannan shi ne injin da ɗakin yake bukata, muddin zai iya ba da wannan ƙarfi a ranar da waje yake digiri 40.

Ku lura, girman ɗaki ba shi kaɗai ne ya yanke hukunci ba. In ƙungiya ta ce tan 2 za ta riƙa shigarwa kowace rana maimakon tan 1, ɗakin bai canja ba, amma injin da ake bukata ya tashi zuwa kilowat 5. Saboda haka mai sayarwar da ya tambaye ku ƙafa nawa ne ɗakin, ya faɗi inji nan take bai tambayi yawan kayan da za a shigar kullum ba, ku sake shawara a kansa.

Wani zai ce, to mu sayi ƙato mana mu huta. Ba hutu a ciki. Injin da ya yi yawa yakan yi ta tashi yana mutuwa a kai a kai, wannan kuwa shi yake kashe kwamfaresa. Yana kuma bukatar babban janareta. In ƙungiya tana da hali, ƙananan injuna biyu sun fi babba guda, kamar yadda masu filin ƙanƙara suke yi.

Abin da za a tambayi mai sayarwa

1. A wane zafin waje aka auna ƙarfin da aka rubuta a jikin injin? Yawanci akan auna ne a digiri 32 ko 35. Ku nemi takardar kamfani mai nuna abin da zai bayar a digiri 40 ko 43.

2. An yi shi domin ƙasar zafi? A jikin firji akwai harafi. Mai N iyakarsa digiri 32, mai ST digiri 38, mai T kuwa digiri 43. Namu shi ne mai T. A na'urar sanyaya ɗaki, mai alamar T3 ita ce ta ƙasashe masu tsananin zafi.

3. Wace irin iskar gas ce a cikinsa? Bisa yarjejeniyar Montreal ta 1987 an daina yin R12 tun 2010, ita ma R22 ana kan janye ta, an sa 2030 a matsayin wa'adi ga ƙasashe irin tamu. Tsohon inji na gwanjo mai waɗannan zai yi arha yau, gobe ya zama kaya. R290 tana aiki da kyau a zafi, amma tana kama wuta, sai ƙwararre zai taɓa ta. Amoniya kuwa, wadda manyan filayen ƙanƙara da masana'antun ƙanƙara suke amfani da ita, guba ce in ta tsiyaya, ba ta ƙaramin ɗaki a ƙauye ba ce.

4. Akwai mai gyaransa da kayan gyaransa a Funtuwa ko Malumfashi ko Zariya? Injin da sai an jira makaniki daga Ikko, kafin ya iso kaya sun zama ruwa.

Game da na'urar sanyaya ɗaki irin ta ofis, ita kaɗai ba ta sauka ƙasa da digiri 16 ko 18. Wani manomi a jihar New York ta Amurka, Ron Khosla, ya ƙirƙiro wata 'yar na'ura mai suna CoolBot wadda take sa ta sauka ƙasa da haka. Amma a sani, mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, wadda aka rubuta mata kilowat 3.5, ba za ta ba da haka a ɗaki mai digiri 12 ba. Sai a ɗauki ta gaba da ita, ko a sa biyu.

Wurin ajiye inji da wutar da za ta juya shi

A gina ɗakin ƙarƙashin rumfa, a bar tazara tsakanin kwano da rufin ɗakin domin iska ta wuce. Sashen injin na waje, mai zubar da zafi, a ajiye shi a inuwa inda iska take kaɗawa, kada a matse shi da bango. Da hunturu ƙura takan toshe haƙarƙarinsa, sai a sa mutum guda ya riƙa share shi kowane mako da burushi mai laushi. A rataya labulen roba a ƙofa, a ajiye ma'aunin zafi a ciki, a riƙa rubuta abin da ya nuna safe da yamma. A jera akwatuna da tazara, kada su manne da bango. Kwandon kaba ba ya jeruwa wani kan wani sai ya matse na ƙasa, shi ya sa akwatin roba ya fi.

Injin misalinmu zai sha lantarki wajen kilowat ɗaya da rabi, watau yunit 20 da 'yan kai a kwana. Amma lokacin tashi kwamfaresa yakan fizgi ninki uku ko fiye na abin da yake sha in yana tafiya. Janaretan da aka saya daidai wa daida ba zai tashe shi ba, sai dai in injin irin na zamani ne mai tashi sannu a hankali.

In da hasken rana za a yi, a ƙasarmu kowane kilowat na faranti yakan ba da yunit 4 zuwa 5 a yini. Ana bukatar faranti na kimanin kilowat 5 ke nan, da abin da zai riƙe dare. Batir yana da tsada, yana kuma tsufa da wuri a zafi. Akwai wata dabara, watau a sa injin ya daskarar da ruwa da rana, ƙanƙarar ta riƙe ɗakin da dare. Kilo 11 na ƙanƙara yakan shanye yunit ɗaya na zafi kafin ya narke, don haka kilo 110 zai ɗauki yunit 10, kusan bukatar ɗakinmu ta dare guda in ba a buɗe ƙofa ba. Sai dai injin da zai yi aikin kwana guda cikin awa 8 na rana dole ya ninka na farko ƙarfi. Wannan ma a sa shi a lissafi tun da fari.

In ƙarfinmu bai kai ba

Ba dole kowace ƙungiya ta mallaki inji ba. A shekarar 2015 Nnaemeka Ikegwuonu ya kafa kamfanin ColdHubs a Owerri, mai gina ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana a kasuwanni, inda mai kaya yake biyan kuɗin kwana a kan kowane akwati. Ƙungiyoyi uku ko huɗu, a ce na wajen Masari da Gozaki da Mahuta, suna iya haɗa hannu su gina ɗaki guda a bakin hanya, su bi wannan tsari na biya.

Akwai kuma sanyin da ba ya bukatar wuta, irin na randa. Malam Mohammed Bah Abba, wani malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Masana aikin gona na Indiya kuma sun fito da babbarta: bango biyu na jan bulo, yashi a tsakani, a riƙa jiƙa shi, a rufe da tabarma a ƙarƙashin rumfa. Lokacin da iska ta bushe yakan sauke zafi da digiri 10 ko fiye. Sa'armu ita ce lokacin tumatirin rani shi ne lokacin bushewar iska. Da damina kam ba ya aiki sosai. Ko ƙungiyar da take da inji za ta amfana in ta fara sauke kaya a irin wannan wuri su huce kafin su shiga ɗaki.

Abin yi kafin taro na gaba

Dattawanmu suna tune da Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa wanda aka fara a 1975 da taimakon Bankin Duniya, lokacin da malaman gona suka koya wa mutane auna gona kafin zuba takin zamani. Wannan ma awo ne. Muna roƙon kowace ƙungiya mai wannan shawara ta zaɓi mutum biyu su riƙe littafi a kakar tumatir mai zuwa. Su rubuta kilo nawa 'yan ƙungiya suke tsinka kowace rana, ƙarfe nawa kayan suke isowa, da abin da ma'aunin zafi ya nuna a inuwa da azahar a Maris da Afrilu. Su rubuta kuma farashin kwando kowace ranar kasuwa, domin a ga ko jiran mako guda yana kawo ribar da za ta biya mai da gyara da mai gadi. Da wannan littafi a hannu, ma'aji da magatakarda za su zauna da mai sayar da inji su yi magana da alƙaluma. In lissafi ya nuna ɗakin zai biya kansa, a gina. In bai nuna ba, a fara da rumfa da bulo da yashi da sammako, a ci gaba da tara kuɗi har lokacin ya yi.